Wanda Ya Kashe Lallen Hajiya Tahira

Ƙarya ne, ba a kore mu ba! Jiya na yi arba'in aka maido ni ɗakina, ga ni zamne cikinshi, ga jinjirata Khaulat na barci kan katifa. Masu kirana a salula kuna Zuliha mi ya faru, Zuliha da gaske ne, ku yi haƙuri, mai goyo ba ta iya ba mutum hamsin labari ɗaya. Ga shi na rubuta gaba ɗaya yadda Kawu ya ba ni, don ni ina gida Tsibiri wankan jego aka yi komi. Kuma ku yi mani uzuri, yau sai na kama sunan maigidana, in ba haka ba labarin ba ya tafiya.

Ya'u shi ne mai gadin gidan Hajiya Tahira mai atamfa, nan unguwar Zariya cikin Maraɗi, shekara huɗu ke nan. Ɗakin bakin ƙofa shi aka ba mu. Bayan gadi, shi ke ba shuka ruwa. Tsakar gidan ciyawar ado ce, wadda suke ce ma gazon, shimfiɗe kamar darduma, an kewaye ta da lalle ƙafa arba'in, ƙanana, ko gwiwa ba su gama wucewa ba. Kuma lallen ba na kasuwa ba ne. Daga itacen marigayiya mahaifiyar Hajiya aka yanko rassan a Jiratawa, kafin a sai da gidan a tumɓuke uwar itacen. In Hajiya ta dawo kasuwa, tun ba ta cire mayafi ba sai ta bi su ɗaya-ɗaya.

Ran wata Litinin, kwana goma bayan sunan Khaulat, aka wayi gari talatin da huɗu sun sunkuyar da kai. Talata ganye ya fara zuba. Hajiya ta kira Inusa, shugaban masu yankan ciyawar da take ɗaukowa duk Juma'a biyu, ta ce ya duba mata. Ya kewaya da hannu a aljihu, ya yi tsaki.

"Hajiya, ciwo ba ya kashe itace talatin rana ɗaya. Wanga zubin guba ne. Ni ban ce kowa ba, amma kwanaki na ga mai gadinki da bido, wata jarka rawaya, shina tsiyaya wani baƙin ruwa a gindinsu."

Shi ke nan, kafin la'asar magana ta cika layi. Mai shayin bakin titi ya tuna Ya'u ya roƙi sati guda na suna aka ba shi kwana biyu, har ya zamna kan bencinshi ya ce Hajiya ta fi son lallenta da mutane. Ya faɗa ɗin kam, ba ni ƙaryata wannan. Aka tambayi Ya'u maganar bido, tsoro ya sa ya ce bai san wani bido ba.

Hajiya ta ce, "Juma'a in an sauko masallaci ka aje mani makullai, ka kwashe kayan matarka. Darajar jinjirar nan ce ta hana ni kai ka komisariya wajen 'yan sanda."

To ku faɗa mani, wane gida zai ɗauki mai gadin da aka ce shina zuba guba?

*

Kawu Maman Lawali wan mahaifiyata ne. Bin sau ne aikinshi tun shina saurayi. A Tsibiri in an sace akuya ko sa, shi ake ɗaukowa ya duƙa ya karanta ƙasa har ƙofar ɓarawo. Yanzu ɓarayi sun koma hawan babur kan kwalta, aikin ya ja baya, sai noma. Labarin abin da ake ciki ya iske shi. Laraba da safe ya sa hula, ya ɗauki sandarshi, ya hau kabu-kabu sai Zariya.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ni ba akuya aka sace mani ba."

"Na sani, Hajiya. Amma wanda ya yi ɓarnar ba tashi sama ya yi ba. Ki ba ni zuwa Juma'ar da kika ba yaron."

"Duba, amma kar a taɓa mani ko ɗaya. An taɓa ya isa."

Ya bi layin a duƙe, hannu a baya. Ba dabba ba ce, don ko ganye ɗaya ba a gutsura ba. Cikin 'yar kwatar da ruwa ke bi, laka ta bushe da tsohon sau na takalmin roba mai dogon wuya, amma sawun ya ba shi mamaki. Mai shi ba gaba yake tafiya ba, gefe-gefe yake ja, ƙafa na bin ƙafa. Shekara talatin Kawu na bin mutane, bai taɓa ganin mai irin wagga tafiya ba. Gindin kowane lalle kuma an tara mashi ƙasa an daddaɓe, ranar bazara ta gasa ta ta yi tauri. Can lungun baya wajen pompon ruwa, inda babu ciyawa, ƙafa shidan da suka rage suna nan kore shar, su ba a tara masu ƙasa ba.

Ya samu Ya'u a ɗaki ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina bidon?"

"Baba, wallahi ni…"

"Kar ka rantse. Ga zanen gindinshi can bayan ɗakinka, zagaye biyu, ɗaya kan ɗaya. Jiya ka ɗauke shi."

Ya'u ya jawo shi daga ƙarƙashin gado kamar mai jawo gawa. Kawu ya buɗe, ya sunsuna, ya kafa kai ya kurɓa.

"Baba! Baba!"

Kawu ya tofar, ya yamutsa fuska. "Ganyen bedi ne, dogon yaro, ka jiƙa."

"Don gara ne. Hajiya ta hana a sa masu kowane magani, ni ko na ga gara ta fara hawa."

"Wanga ko cikina bai murɗa ba balle ya kashe itace. Amma ka yi ƙarya, kuma ƙaryar ta fi bidon cutar ka. Yanzu ko ka ce rana ta fito sai Hajiya ta leƙa. Wa ya tara ƙasar gindinsu?"

"Na dawo suna na iske ta. Na ɗauka Hajiya ta sa."

"Ba ka tambaya ba?"

"Baba, Hajiya ake tambaya?"

*

Akwai wadda ake raɗe-raɗinta ta biyu, Kezia mai wankin gidan. 'Yar Tsibiri ce ita ma, cocinsu na bayan gonar su Kawu, tun tana yarinya ya san ta. Matan layi sun ce in ba mai gadi ba ne, to ruwan jabel ɗinta ne na hasken fararen tufafi. Ya iske ta bakin pompo tana dirzar zanin gado kamar da shi take faɗa.

"Baba Maman, kai ma ka zo ka ce ni ce? Shekara tara ina wanki gidan nan ko cokali bai ɓata ba, yau sai ni da itace?"

"Sannu dai, ɗiyata. Gaisuwa ma ba a yi?"

"Ina kwana. To ni ce?"

"Ina kike zubar da ruwan wanki?"

Ta nuna da haɓa. Nan lungun, daidai gindin shidan nan masu rai.

Kawu ya yi dariya har sai da ya dafa sanda. "Ashe ke kike kiwon su."

"Faɗa ma matan layi! In jabel ke kisa, da waɗannan suka fara tafiya." Ta matse zani ta yarfa. "Ni abin da ya dame ni gidan nan injin su Inusa ne. Da da almakashi da lauje suke yi, shiru kake ji. Ran sunan ɗiyar Ya'u suka zo da sabon abu mai dogon hannu, kuka kamar gidan zuma, ya watsa mani tsakuwa da ciyawa kan shanya. Sai da na sake ɗauraya."

"Su suka tara ƙasar gindin lalle?"

"Oho. Ni ina baya ina zagin su cikin raina. Ba Ya'u ba ne?"

Da zai fita ya tambayi Hajiya ita ma. Ta ce, "Aikin mai gadi ne mana. Har na yaba a raina, ashe gubarshi yake rufewa."

Kawu ya hau kabu-kabu shina jujjuya abin. Tudun ƙasa talatin da huɗu, gida guda, kowa ya gani, kowa na cewa wani ne.

*

Alhamis ya nufi Jiratawa wajen Andarawus, mai garkar renon itace, wanda ya reni rassan har suka yi saiwa kuma ya dasa su da hannunshi. Don akwai masu cewa tun asali marasa lafiya ya kawo. Ya iske shi cikin zogale da tiyo a hannu.

"Marasa lafiya? Zo nan, Malam Maman." Ya ja shi bayan rijiya. "Ga biyar da suka rage, uwa ɗaya, yanka ɗaya, rana ɗaya. Dube su. In waɗannan marasa lafiya ne, ni ma a kai ni likita."

Kawu ya ba shi labarin yadda ganyen ya yi, da bedi, da jabel. Andarawus na ta girgiza kai. Da ya zo kan tudun ƙasa sai ya saki tiyo.

"Wa ya tara ma lalle ƙasa a wuya? Hatsi ne? Ni a buɗe na bar su, da 'yar kwata gefe. Wuyan ƙaramin itace iska yake so. Wanga ba aikin mai garka ba ne, aikin manomin hatsi ne. Ka tona ka ga wuyan?"

"Hajiya ta hana."

"To ka je ka tona, in ta yi faɗa ka ce ni na ce."

Kan hanyar dawowa, sun shigo gari ke nan, Kawu ya ji wani kuka zuuu daga harabar wani ofis. Ya daki kafaɗar ɗan kabu-kabu.

"Tsaya."

"Baba, nan ba Zariya ba ne."

"Na ce tsaya, ba ɓata na yi ba."

Ya leƙa ta shinge. Wani mutum ne rataye da inji mai dogon hannu, bakin injin zaren roba ne ke juyawa har ido ba ya ganin shi. Mutumin na kaɗa shi dama da hagu, shina ja gefe-gefe, ƙafa na bin ƙafa. Tafiyar nan ce sak! Kawu na tsaye zaren ya shafi gindin wani ƙaramin bedi, fyat, ɓawo ya tashi, fari ya bayyana. Mai injin ko waiwaye bai yi ba.

Da ya isa gidan, Hajiya na kasuwa. Ya ce ma Kezia ta juya baya, ita ba ta ga komi ba. Ya sa wuƙa ƙarƙashin tudu ɗaya ya ɗaga a hankali, lakar ta ɓallo guda kamar ɓallin tukunya. Ga wuyan lallen an zare mashi ɓawo ya kewaye, an ci har cikin itacen, wurin ya yi baƙi ya fara ruɓa saboda damshi. Ga ɗan guntun jan zaren roba a ƙasa. Sai ya juya ɓallin lakar wajen haske. Wanda ya daddaɓe ta ya bar tafin hannunshi ɓaro-ɓaro. Kawu ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa. Ya naɗe ta cikin hula ya kai ɗakin Ya'u.

"Gobe Juma'ar yankan ciyawa ce ko?"

"Ita ce, Baba."

"Madalla. Ka ci abinci, ka daina wagga fuskar ta zaman makoki."

*

Juma'a da hantsi gidan ya cika. Inusa ya zo da ma'aikatanshi biyu da injinsu. Andarawus ya taso daga Jiratawa. Kezia ta tsaya riƙe da ƙugu. Mai shayi ya bar teburinshi, matan layi sun cika bakin ƙofa, wai sun zo ganin yadda za a fitar da kaya. Kayan ma Ya'u ya ɗaure su, katifata na jingine da bango.

Kawu ya sa aka kawo babban faranti, ya kwaɓa laka ya shafe ta sumul.

"Duk mai taɓa ƙasar gidan nan zai dafa mani hannu biyu nan. Ya'u, fara."

Ya'u ya dafa. Kawu ya duba, ya shafe. Kezia ta dafa da ƙarfi har laka ta fantsama. Andarawus ya dafa shina dariya.

Inusa ya ce, "Yau ga duba. Baba, in ka gama ka duba mani ko zan je Makka."

"Dafa dai, in ga ko za ka kai azahar."

Aka yi dariya. Ya dafa. Kawu ya shafe, ya waiwaya wajen Hajiya.

"Har ni?"

"Ke kika fi kowa taɓa su."

Ta dube shi kamar za ta ce a fitar da shi, sai ta zare zobba ta miƙa ma Kezia ta dafa. Matan bakin ƙofa har da rufe baki da mayafi.

Ma'aikacin farko ya dafa. Saura na biyu, wani dogo mai shiru-shiru sanye da takalman roba, Zakari sunanshi, daga wani ƙauye bayan Tsibiri. Manomi ne, rani ya shigo da shi birni. Ya ɗora dama, ya tsaya.

"Da hagun, ɗana."

Ya ɗora. Da ya ɗaga, manuniyar hagu rabi ce, tsohon yankan lauje. Kawu ya buɗe hula ya fiddo ɓallin lakar ya aje gefen faranti. Hannu ɗaya ne, yatsa rabi nan, yatsa rabi can. Matan bakin ƙofa suka matso suna leƙe.

"Hajiya, na karya dokarki jiya, ki yi mani afuwa. Daga gindin lallenki na ɗauko wanga. Zo ki ga abin da ke ƙasa."

Ya bi layi shina ɓalle tudun da sanda. Ɗaya, biyu, biyar, goma. Kowane wuya a zare, kowane da baƙin zobe. Ya tsinto guntayen jan zare ya zuba ma Hajiya a tafi, ya nuna bakin injin Inusa. Zare ɗaya.

Inusa ya ce, "Kai, Baba, zare ne fa! Roba! Roba ke kashe itace? Gara ce ta ci su."

Kawu bai yi musu ba. Ya karyo ɗanyen reshen bedi mai kaurin yatsa ya kafa tsakiyar ciyawa. "Zakari, tada injin. Yanke mani ciyawar gindin wanga yadda ka saba."

Zakari ya dubi Inusa, ya dubi Hajiya, ya ja igiya. Zuuu. Ko ƙiftawa biyu ba a yi ba reshen ya yi fari fat a wuya, ya karkace. Zakari ya kashe injin. Kezia ta tafa hannu ta ce, "To ga jabel ɗina nan!"

Andarawus ya ce, "Ta ƙarƙashin ɓawon nan itace ke ci ke sha. In an zare shi ya kewaye, an shaƙe shi ke nan. Ba ya faɗuwa ranar, sai ya yi sati ko fiye shina kallon ka kamar lafiya lau. Aka zo aka rufe ciwon da laka mai damshi, ya ruɓe."

Zakari ya durƙusa. Ya ce, "Ni ne, Hajiya. Ran nan ne farkon riƙon injina. Patoro Inusa, ubangidanmu, ya ce ba ki son ganin ko silin ciyawa a gindinsu, in matsa sosai, in yi sauri akwai gida uku gaba. Da na gama na ga duk sun yi fari. Na nuna mashi, ya ce in rufe mu tafi. Ni ko a gona, in hauya ta shafi gindin hatsi, ƙasa muke tara mashi ya warke har ya ƙara saiwa. Wallahi magani na ɗauka nike yi masu. Shi ya sa na tsaya na daddaɓe ko wanne da kyau."

"Da ka ji an ce mai gadi ne fa?" in ji Kawu.

"Sai jiya na ji. Ban iya cin tuwo ba."

Hajiya ta juya wajen Inusa a hankali. Kun san ta in ta yi sanyin murya.

"Inusa. Ran Talata da ka tsaya nan, daidai nan, ka nuna mani mai gadina, ka san mi ke ƙarƙashin ƙasar nan?"

"Hajiya, ni cewa na yi ban ce kowa ba…"

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya yi ta gyara hula.

"Ɗauki injinka. Kuma duk gidan da na kai ka a unguwar nan, yau da bakina za su ji."

Ya fita ta tsakiyar matan layi, ba wadda ta matsa mashi, sai da ya bi ta gefe shi ma. Zakari ya tashi zai bi shi, Kawu ya tare shi da sanda.

"Hajiya, wanga kuskure ya yi, kuma bai ɓoye hannunshi ba. Kuma maganar silin ciyawa, an ce daga bakinki ta fito."

Ta dubi jan zaren da ke tafinta. Can ta ce, "Na faɗa."

Sai ta kira Ya'u. Ba cikin falo ba, nan bakin ƙofa gaban mai shayi da kowa.

"Ya'u, na zalunce ka. Shekara huɗu ban taɓa kama ka da komi ba, na ɗauki maganar baƙo a kanka. Ka yafe mani. Ku kuma da kuka zo kallon fitar kaya, ku kama mashi ku maida su ciki."

Wallahi Kezia ta ce mai shayi da kanshi ya ɗauki katifata a ka! Ya'u sai hawaye, sai Kawu ya zungure shi da sanda ya ce, "Amsa mata mana, kuma ka faɗa mata maganar bedin da bakinka." Ya faɗa. Hajiya ta ce daga yau in ya ga abu ya buɗe baki, ita ba kura ba ce. Kezia ta yi tari.

*

Da mutane suka watse, Hajiya ta koma ta tsuguna gaban busassun. Ta shafa ɗaya ta ce, "An gane gaskiya, amma lallen Inna ya tafi."

Kawu ya duƙa kusa da ita. Ya sa farce ƙasa da baƙin zoben, dab da ƙasa, ya ɗan kankara. Kore. Ya matsa na gaba. Kore.

"Bai tafi ba, Hajiya. Sama ce ta mutu. Mu a gona kututturen da aka sare shekara da shekaru, in saiwa na da rai, reno kawai muke yi ya dawo itace. A yanke su ƙasa da ciwon, a bar wuyan ya sha iska."

"A yanke kuma?"

Andarawus ya ce, "Gaskiyarshi. Ban ce duka za su tashi ba, amma a yanke yau, kar a kai gobe."

Kafin kiran salla sun gama. Andarawus na yanka da wuƙa mai kaifi, Zakari na cire ciyawa da hannu, kamu biyu kewaye da kowane gindi, don kar inji ya sake samun dalilin zuwa kusa. Ya'u ya yanyanka tsofaffin bido da robobin ruwa ya yi ma kowane kututture wuyan riga mai faɗi, har da nashi rawayan. Daga baya aka jera bulo tsakanin ciyawa da lalle. Hajiya ta kafa doka: inji iyakarshi bulo, abin da ke bayan bulo aikin hannu ne, kuma ba mai tada inji gidan sai Ya'u na tsaye. Zakari kuwa, Hajiya ta ce ya ci gaba da zuwa shi kaɗai da almakashinshi.

Kwana goma sha tara ke nan jiya. Da kabu-kabu ya sauke mu, ban ko shiga ɗaki ba Hajiya ta kama hannuna, da goyona da komi, ta ja ni bakin bulo ta ce leƙa. Jama'a, sun toho! Cikin kowace roba 'yan tsiro ne uku, huɗu, jajaye-jajaye masu laushi kamar kunnen Khaulat. Ashirin da tara cikin talatin da huɗu. Sauran biyar ɗin Andarawus ya kawo 'yan'uwansu na bayan rijiya ya cike gurbi. Hajiya ta ce ganyen farko da za a tsinka ba mai ƙunsa shi sai ni, hannu da ƙafa, kuma da kanta za ta kwaɓa. Ni Zuliha!

Kawu kuwa yanzu Tsibiri ba a zama lafiya, duk wanda ya kawo mashi gaisuwa sai ya ce dafa nan in gani.

Don Allah wanda ya karanta ya tura gaba, ya sa a gurup ɗin unguwa da na 'yan'uwa. Musamman mai ƙaramin lalle ko lemu ko gwaba a gida da ke ɗauko masu inji, ya je yanzun nan ya duƙa ya duba wuyan itacenshi, ya sa mashi roba, ya cire ciyawar gindin da hannu. Injin na nan na yawo gida-gida, kuma kowane gida akwai mai gadin da za a nuna. Ku tura, Khaulat ta tashi tana kuka, na tafi.